Rasuwar Mai Tsawa, Lasifikar Mazaɓa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da goshi naɗe da bandeji, tsohon mai shelar jam'iyya na mazaɓa, wanda aka fi sani da Baba Mai Faci, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasifikarsa, Mai Tsawa, wadda ta cika a bakin aiki, a ƙofar ofishin jam'iyya.

Marigayiya ta yi shekaru ɗaure a kan babur ɗinsa. In ta yi gyaran murya, "ƙiiii, gwaji, gwaji," mahauci kan ajiye wuƙa, mata su leƙo ta taga. Ba ta taɓa kiran wani taro a ɓoye ba. Wanda ta zaga, a gaban kowa ta zage shi, shi ma ya rama.

Ciwonta ya fara ne ranar da surukin shugaban jam'iyya ya buɗe guruf na hirar 'yan jam'iyya a waya, ya naɗa kansa admin. Can ake tsayar da ɗan takara, can ake korar mutum da ɗan yatsa. Bencinan ofis suka yi ƙura, ita kuma aka rataye ta a ƙusa, a shagon faci, tsakanin tayoyi.

Ana nan sai wani ya saka a guruf hoton Baba yana musabaha da ɗan takarar adawa. A asibiti aka ɗauka, wajen duba mara lafiya, amma an yanke gadon. Aka rubuta a ƙasa: ya sayar da mu. Baba ba ya cikin guruf, wayarsa mai maɓalli ce. 'Yarsa ce ta nuna masa.

"Baba, don Allah kada ka je."

"Ƙarya aka yi min a gaban jama'a, a gabansu zan wanke kaina."

Ya sauko da Mai Tsawa, ya sa mata sabon batir.

Ya tarar da samari cike da ƙofar ofis. Yana kunna ta suka yo kansa. Suka kifar da babur, suka tattake shi. Ma'ajin jam'iyya ya shiga tsakani, aka sauke masa benci a baki, haƙoransa suka zube a kan siminti. Kowane mai duka da waya a ɗaya hannun, yana ɗauka. Wani ya ɗaga ƙarfen rodi ya nufi tsakar kan Baba. Baba ya kare da Mai Tsawa. Ta dare gida biyu, ɓarinta ɗaya ya tsaga masa goshi, jini ya rufe masa ido. Kalmarta ta ƙarshe: "Jama'a, ku saura—"

Likita ya ce da ba don ita ba, wata sanarwar za a rubuta.

Ta bar igiyar rataya, da babur a karye, da mai gida da ba ya ji da kunnen hagu.

Za a rufe ta gobe da hantsi a bayan shago. Ba a gayyaci shugaba ba. Samarin kuwa ana jiransu, su za su haƙa ramin. Baba ya gane su ɗaya bayan ɗaya, shi ya liƙe wa ubanninsu taya ranar da za a kai uwayensu haihuwa.