Kujerar Da Ta Riƙe Mai Girma

Ranar Laraba na yi awa uku a layin mai da kwalbar lemo a hannu. Ba ni da mota, babur ɗina kuwa ya riga ni yin ritaya. Fetur ɗin da nake nema bai fi ludayi biyu ba, na sirka fenti ne. Da layi ya zo kaina, mai zuba man ya dubi kwalbar ya ce, "Baba Malam, umarni daga sama, ba a zubawa sai a tanki." Na ce to, Allah ya ja zamanin na sama. Na dawo gida da kwalbata yadda na fita da ita.

Bari in yi muku bayani daki-daki, yadda na saba yi wa 'yan aji huɗu. Akwai wata kujerar katako mai hannu da mahaifina ya bari. Wani kafinta a Ringim ya yi ta tun ban shiga firamare ba, kuma a kanta marigayin yake zama yana sauraron karatuna. Gara ta cinye mata ƙafa ɗaya, ta shekara biyu jingine a zaure. Sai uwargidana Nuriyya ta yanke mata wa'adi.

"Malam, ko dai ta tsaya da ƙafafunta kafin Juma'a, ko ta dafa mana tuwo. Ka san kuɗin icce a Dutse yanzu."

Ni kuwa ba zan iya cin tuwon da aka dafa da kujerar mahaifina ba.

Da farko na yi niyyar bin tafarkin manya, wato kwaskwarima. Ai mun gani da idonmu. Makarantar da nake koyarwa an yi mata kwaskwarima sau uku. Bangon da ke kallon titi yana ta sheƙi, a yaba wa Masu Girma. A ciki kuwa yara na zaune a ƙasa, in damina ta zo mu koyar da lissafi da ƙidayar ɗigon ruwa. Na sayo fenti shuɗi, na ɗauko buroshi, sai ga maƙwabcina Malam Barau kafinta.

Ya ƙwanƙwasa ƙafar kujerar, gari ya zubo kamar an zazzage buhu.

"Malam, kai ma kwangila aka ba ka?"

"Ɗan fenti zan shafa, ta yi kyan gani."

"Kwalliya za ka yi wa garar ke nan. Tusa ba ta hura wuta. Cire ƙafar nan."

Na ji kunya, na bi umarni. Muka cire ruɓaɓɓiyar ƙafar, ya sassaƙa mini sabuwa da icen darbejiya, na goge jikin kujerar da samfefa, muka shafa baƙin mai a ƙasan ƙafafun saboda gara. Saura fenti. Tunda fetur ya gagara, na lafta shi haka nan da kaurinsa, har shafi biyu. Barau ya ce, "Wannan sai ya kwana uku bai bushe ba." Na ajiye ta a zaure, na ce iska ta yi aikinta.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga sallama. Mai Girma Wakilin Mai Girma ne, yana bi gida-gida saboda zaɓe ya ƙarato, sanye da farar shadda mai ƙarar sitaci. Kafin in buɗe baki in ce "Ranka ya daɗe, a dakata," ya hango kujera. Kun san halin mutanen nan da kujera. Ya zauna.

Ya fara da alƙawarin benci ɗari biyu ga makarantarmu, wanda na haddace tun zaɓen da ya wuce. Ya ƙara da kwalbati da fitilar titi. Da ya gama, ya yunƙura zai tashi, sai kujerar ta tashi tare da shi.

Barau, da ya leƙo jin alƙawari, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tazarce ce ta zo da wuri."

Na riƙe ƙafafun kujerar, Barau ya riƙe Mai Girma, muka ja. Sai da aka yi da gaske kafin suka rabu, shaddar ta bar ƙyalle kamar tafin hannu a mazaunin. Na ba shi haƙuri iyakar ladabina, na ce da akwai fetur da na goge masa, amma umarni daga sama ya hana. Ya fita da baya da baya har cikin mota.

Nuriyya, da ta ji komai daga tsakar gida, ta fito ta zagaya kujerar, ta girgiza sabuwar ƙafar, ko motsi ba ta yi ba.

"Ta ɗauki wannan katon ba ta karye ba? To ta tsira, Malam. Je ka nemo mana icce."

Ƙyallen kuwa na hana a ɓanɓare shi. Shekara takwas Mai Girma yana mana alƙawari, wannan ne abu na farko da ya taɓa bari a unguwarmu.