Saura Minti Arba'in

A haihuwata ta fari, cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in, ina koyarwa a Gyaɗi-Gyaɗi kuma ina ji da kaina, domin na haddace ɗan littafin shayarwa da aka raba mana a wajen awo. Littafin ya ce a ba jariri nono duk bayan awa huɗu. Da na tafi wankan jego gidanmu a Tarauni, har da agogon maigidana na ɗauka.

Rannan jaririyar ta tsanyare da kuka. Inna ta ce, "Ke, ba ta mama mana."

Na dubi agogo, na gyara zama. "Inna, saura minti arba'in. Haka littafi ya ce."

Aka jijjiga, aka goya, rigata ta jiƙe sharkaf da nono, har aka kira la'asar. Inna ta kara agogon a kunne, ta ce, "Malama, wannan ai tun hantsi ya tsaya." Ashe ban murɗa shi ba.

Yarinyar nan yanzu har jika gare ta, amma duk ranar da girkina ya makara sai ta leƙo ta ce, "Umma, saura minti arba'in ne?"