Sallau da Fentin Nano

Wani mutum ne a Legas, Sallau Mai Fenti. Cika baki kuwa, Allah ya yi masa baiwa. In ya zauna gun mai shayi, sai ka rantse shi ya fente duk jiragen Dubai, alhali ko Kwatano bai taɓa leƙawa ba.

Rannan Alhaji Mamuda ya sayo sabon jirgin kamun kifi na ƙarfe. Aka ce kamfani ya shafe shi da fentin nano, mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, wanda ke hana ruwan gishiri cin ƙarfe. Alhaji na neman wanda zai rubuta sunansa a jikin jirgin, kuma ya riƙa kula masa da sauran jiragensa.

Sallau ya doki ƙirji. "Nano? Haba Alhaji! Da shi aka yaye ni."

Aka ba shi aiki. Ya dangwala buroshi ya shafa, fenti ya zame sululu. Ya sake, ya sake zamewa. Ya ja tsaki. Maimakon ya tambaya, gogan naka sai ya ɗauko samfefa. Ƙarr! Ƙarr! Tun hantsi har la'asar, ya bi jirgin nan ya kankare shi tas, sai ɗan bakin jirgin kawai ya rage.

Can sai ga Alhaji tare da injiniyar kamfanin, Hajiya Ladidi. Sallau ya tsaya kan jirgi yana huci.

"Ranka ya daɗe, an cuce ka! Wani datti mai santsi na tarar, ko fenti ba ya kamawa. Amma na yi maganinsa."

Injiniya ta shafa ƙarfen, ta dafe kai. "Innalillahi! Malam, ai shi ne nanon!"



"Wanne?" in ji Sallau.

"Wanda ka kankare."

"To... ai gwada ƙarfinsa nake yi."

Alhaji ya cire hula ya miƙa wa direbansa, ya nufo Sallau. Sallau ya ga abin ba na wasa ba ne, ya ja da baya, ya taka ɗan bakin nan da bai kankare ba. Santsi ya kwashe shi. Tsulum!

Masunta suka ruga da igiya, yana ta "Wayyo, ban iya ruwa ba!" a ruwan da bai wuce ƙugu ba.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Ku bar shi ya kwana ciki, mu ga ko shi ma zai yi tsatsa."