Kilon Mahauci a Filin Jirgin Jidda

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da hannuna na dama ya kunyata ni a gaban surukata, a filin jirgin Jidda, ina ɗauke da sunan Alhaji da ko sati uku bai yi a kaina ba.

Ni mahauci ne a kasuwar Garwa, gado na yi. Boko a aji shida na ajiye shi. Duk wanda ya zauna da ni ya san ni da waswasi: in na kulle rumfa sai na dawo na ja kwaɗon sau biyu, in na yi alwala sai na tsaya tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Abu ɗaya ne tak ban taɓa shakkarsa ba, shi ne hannuna. Shekara ashirin da ɗoriya ina yanka nama. A ce mini kilo, in yanka, in ɗora a sikeli mai faranti biyu, sai ka ga farantin nama ya sauka ya zauna daram a kan tebur. Sannan in ƙara ɗan hanta ko kitse. Tun ina ƙarami mahaifina ya tsorata ni da makomar masu tauye mudu, shi ya sa ban taɓa yarda farantan su tsaya daidai ba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Shekarar da Allah ya kira ni aikin Hajji, tare muka tafi da Inna, mahaifiyar matata, ni ne muharraminta. Inna 'yar kasuwa ce, ta tsufa a sayar da zannuwa, kuma ba gidan da ba ta taɓa zuwa suna ko biki a unguwarmu ba. Tun kafin mu tashi ta jera a kanta sunan duk wanda za ta kawo wa tsaraba. A wurinta, ta dawo ta tsallake gida ɗaya ya fi mata ciwo a kan ta dawo da zazzaɓi. Ta ce mini, kanta a sunkuye, “Baban Hajara, ni ban san lissafin jirgi ba. Kai na bar wa.” Na ce, “Inna, ki kwantar da hankalinki.” Kowane akwati kilo ashirin da uku aka yarje mana, ban ga abin wahala a ciki ba.

A ayarinmu akwai Alhaji Buba, Bafulatanin Pitowa mai sayar mini da shanu. Kun san tsakanin Bafulatani da mahauci, ba a gaisawa sai da tsiya. Shi ne ya fara lura da yadda nake taɓa aljihun fasfo kowane taku goma.

“Mai wuƙa,” in ji shi, “fasfon nan ba saniya ba ne, ba zai tsinke ya gudu ba.”

A Madina aka kai mu ziyara. Mun yi salla a masallacin Ƙuba, aka kai mu Dutsen Uhudu, na tsaya ina kallon jajayen duwatsun nan har ƙwalla ta zo mini, ga kuma rabin hankalina yana kan takalman Inna da na ƙulle a leda na rataya a wuya. Daga nan motar ta sauke mu a kasuwar dabino. Ban taɓa sanin dabino yana da dangi haka ba: baƙi, ja, mai laushi kamar alewa, busasshe mai ƙaras-ƙaras, har da wanda aka cusa wa gyaɗar Larabawa a ciki. Inna ta zaɓi baƙin nan ƙanana, mai shagon ya auna kilo ɗaya a sikelinsa mai lambobi, ya ɗaure a kwali ya miƙo mini da murmushi.

Ina karɓa na ji hannuna ya ce a'a.

Na sake jijjiga kwalin. Na raɗa wa Buba, “Wannan bai cika ba.”

“Kay! A garin Manzo?”

“Ban ce ya cuce mu ba,” na ce. “Na ce bai cika ba.”

Ranar yini na yi ina istigfari don na yi wa mutum zato a gari mai alfarma. Amma ko sau ɗaya ban yi wa hannuna zato ba. Na yanke hukunci a raina cewa kilon ƙasar nan ƙarami ne, kamar yadda mudun wani gari yake fin na wani. Na ma faɗa wa mutanen ayarinmu haka, suka gyaɗa kai, don wa zai yi musu da mahauci a kan kilo?

Bayan mun sauke farali, saura kwanaki a dawo, aka shirya mana fita Ɗa'ifa. Hanya ce mai hawa da murɗewa a jikin dutse, ni ina riƙe da kujerar gabana ina karanta duk addu'ar da na iya, Buba kuwa yana leƙen raƙuma ta taga yana yi musu kuɗi. Can sama iska ta yi sanyi kamar an buɗe firji. Muka shiga inda ake tatsar turaren fure, muka sayi zuma da rumman, sannan aka zaunar da mu a wani gidan abinci aka kawo faranti ƙato, shinkafa da naman rago da ya dahu har yana zamewa daga ƙashi. Na juya wa ɓangaren mata baya, don ban taɓa cin abinci Inna tana gani ba. Naman ya yi, ba zan ci amanarsa ba, ko da yake ba yaji, ba kuli, ba komai. Buba ya ƙara odar gasasshe rabin kilo. Da aka kawo na ɗaga farantin na ce, “Ka gani ko? Nan ma haka ne.” Ya ce, “To, Sarkin Awo.” Har na ji daɗin sunan.

Sai sayayya. Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar 'yar kasuwa cikin shagunan Makka ya san ɗawafi bai kai shi gajiya ba. Inna ba ta jin Larabci, amma da yatsu da girgiza kai take sauke farashi har mai shago ya dafe goshi. Sallaya, carbi, kwalli, hula, jallabiya, abaya, butar shayi, bargo mai nauyi na ƙanwarta da ke Kayele, da agogon bango mai kiran salla na limamin unguwa. Kowane abu da ta ɗauka sai ta kira sunan mai shi. In mun koma masauki ta zuba a akwati, ta aiko a kira ni.

“Baban Hajara, da sauran wuri?”

In ɗaga akwatin da hannun dama, in lumshe ido, in ɗan jijjiga. “Sha takwas. Da saura, Inna. Ƙara.”

A wani shago Buba ya ɗauko ɗan sikelin ƙugiya irin na matafiya zai saya. Ni da bakina na ce ya ajiye. Na ce, “Kana tare da sikeli mai rai, za ka sayi na roba?” Ya ajiye. Daga nan labari ya bazu a benenmu. Mutum tara ne suka kawo mini akwatunansu, ina zaune a bakin gado kamar alƙali, ina ɗagawa ina yanke hukunci. Kowa na tsayar da shi a ashirin da biyu, na bar kilo ɗaya saboda tsantseni. (Kun ji fa, tsantseni.)

Ranar tafiya muka isa Jidda da hantsi. Na shige gaban layi da akwatin Inna, na ɗora shi a kan sikelin da kaina, ina duban ma'aikacin kamar mai cewa ga aiki. Lambobi suka yi rawa suka tsaya.

Ashirin da takwas.

Na ce a raina ai ƙafata ce a kai. Na ja da baya. Ashirin da takwas. Aka ɗora akwatinta na biyu, ashirin da bakwai da rabi. Nawa, ashirin da takwas. Na Buba har ya ɗan fi. Duk wanda na taɓa wa akwati sai da lambar ta ci amanarsa, layi ya tsaya cik, mutanen wasu ƙasashe a bayanmu suna ta surutu da yarukansu.

Kuma ban yi shiru ba. Na juya ga mai yi mana tafinta na ce, “Gaya masa sikelinsa ne. Kilon ƙasar nan ƙarami ne, tun Madina na lura.”

Tafinta ya ce, “Alhaji, kilo ɗaya ne a duniya.”

Buba ya matso. Ya miƙa hannu cikin jakar hannun Inna ya zaro kwalin dabinon nan na Madina, wanda ba a ko kwance ba, ya ɗora a sikelin. Ɗaya. Cif. Sannan ya ɗauka ya sa mini a tafin hannu.

“Sarkin Awo, nawa ne wannan?”

Wallahi har a lokacin hannuna cewa yake bai cika ba. A nan ne farantin rumfata ya faɗo mini a rai, yadda yake zama daram a tebur, da hantar da nake ƙarawa a kai. Shekara ashirin ina koya wa hannuna cewa kilo shi ne kilo da gyara. Ya koya kuwa.

Inna ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Cewa kawai ta yi, a hankali, “Ashe bawan Allahn nan mai dabino bai rage mana komai ba.” Sai ta durƙusa a ƙasan filin jirgi, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta buɗe akwati ta fara fitar da kaya tana ajiyewa gefe. “Wannan na Maman Rabi ne, ta yi haƙuri. Wannan na Liman ne. Bargon Kayele, a bar shi.” Kowane suna ta kira sai in ji kamar an yanke ni.

Na durƙusa kusa da ita na ce, “Inna, ba abin da za a bari. Jiki ai ba a auna shi.”

Jallabiya biyar na saka a kan tawa. Huluna huɗu na jera a kai. Carbi na zuba a wuya har ban iya sunkuyawa. Abayoyin ne suka tsayar da ni, don na san bai halatta namiji ya sa kayan mata ba, na tsaya ina tambayar wani malami a layi, shi kuma yana ƙoƙarin tura sallayu cikin rigarsa saboda aikina. Ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Naɗa su a kafaɗa, Allah ya san halin da ka jefa mu.” Na naɗa. Bargon na yafa a sama, agogon na rungume a ƙirji a ƙarƙashinsa. Buba kuwa zama ya yi a kan akwatinsa yana rabon dabino ga duk wanda ya wuce, yana nuna ni yana cewa sadakar wancan ce.

A cikin jirgi da sauƙi, akwai sanyi. Amma kun san Garwa da tsakar rana. Ana buɗe ƙofa zafi ya mare ni kamar na leƙa tukubar tsire. Na sauko ina tafiya kamar bijimin layya, gumi na bin ƙafata har cikin takalmi. 'Yan tarba sun cika waje, ana guɗa, ana rungumar alhazai. Matata ta wuce ni sau ɗaya ba ta gane ni ba. Da ta gane sai ta riƙe baki.

“Innalillahi! Baban Hajara, wata ɗaya ka yi wannan ƙibar? Me suke ba ku a can?”

Kafin in amsa, agogon Liman, wanda yake kan lokacin Makka, ya ga La'asar ta yi. Kiran salla ya tashi daga cikin bargona da ƙarfinsa. Jama'a suka yi tsit suna neman ladan. Wata tsohuwa ta matso ta shafa bargon ta shafa a fuskarta. Buba ya faɗi a jikin mota yana riƙe da ciki, yana cewa, “Ku matsa, ku matsa, Alhaji Gyara zai ja mu salla!”

Sunan ke nan har yau. Ko yaran da ban sani ba haka suke kirana.

Tsarabar Inna ta isa kowane gida, ko kwalli bai ɓace ba, sai dai jallabiyu biyar da aka wanke sau biyu kafin a bayar. Ita ba ta sake tayar da zancen a gabana ba. A bayana ne ta riƙa ba matan unguwa labari, tana ƙarasawa da cewa, “Amma in nama za ku saya, ku je wurinsa.” Suka kuwa zo. Ran nan na yanka kilo da hannuna na kai sikeli mai lambobi na maƙwabcina, ya nuna kilo da kwata. Maƙwabcin ya ce yanzu ai sai in rage. Na gwada kwana biyu, na ji kamar sata nake yi, na koma yadda na saba.

Mai dabinon nan ne ya tsaya mini a rai. Bara da wani abokina zai tafi na ba shi saƙo ya nema mini gafararsa. Ya ce, “Wanne daga ciki?” Na ce mai murmushi. Ya ce duk murmushi suke yi.

Abin da na koya shi ne, na yi shekaru ina zargin kwaɗon rumfa da alwala da aljihun fasfo, waɗanda ba su taɓa yi mini komai ba, na bar wanda ya kamata in bincika yana liƙe a kafaɗata. Yanzu in maniyyaci ya zo ban kwana ya ce, “Alhaji, ɗaga mini akwatin nan ka ji,” sai in sa hannuwana biyu a aljihu, in kwatanta masa shagon da ake sayar da sikelin roba.