Rasuwar Randar Ƙofar Gidan Ya Turai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba za a ɓoye wa kowa ba, Mu'mina Sa'id, a madadin kakarta Ya Turai ta unguwar Gwange, tana sanar da rasuwar Randar Ƙofar Gida. Tana sanar da ku ne don cika al'ada, ba don ba ku sani ba. A gaban idonku marigayiyar ta yi jinya. Kun wuce ta safe da yamma, kun gan ta baki buɗe, kuka kau da kai, kuka ƙara sauri.

An haifi marigayiyar a hannun Mama Edith maginiyar tukwane, tun kafin yawancin masu karanta wannan sanarwa su zo duniya. Ya Turai ce ta ɗauko ta, ta girke ta a kan yashi mai laima a gindin dogon yaro, ta ɗaura mata moɗa da igiya, ta ce duk mai ƙishi ya sha. Daga ranar nan ba ta taɓa tambayar kowa sunansa ko yarensa ba. Mai turin baro ya sha, mai keke ya sha, ɗalibi ya sha, ɓarawo ma idan ya biyo ta layin ya sha. Ba ta taɓa jiran a kawo wuta ba, ba ta shan fetur, ba ta hana maƙwabci barci. A tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke kama takalmi, ruwanta na kashe haƙori don sanyi. Duk maganarta a duniya ba ta wuce ɓul-ɓul ɗin da takan yi idan moɗa ta nutse ba.

Kowace Juma'a Ya Turai kan wanke ta, ta bari ta tsane, ta zura mata kaskon garwashi da kajiji ta rufe, har ƙamshin ya ratsa yumɓu. Wanda ya sha ruwan nan sai ya yini yana jin sa a maƙoshi. Kuma layin yana da tsari: kowane gida kan zuba mata bokiti da safe, wanda bai samu hali ba ya ce mai moya, mai sayar da ruwa, ya juye mata jarka guda. Ba wanda ya rubuta wannan doka. Kunya ce ke riƙe da ita.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da kuka waye. Kuka ce haɗa moɗa da kowa ƙauyanci ne, ba wanda ya ce bari ya kawo ta biyu, ko ya ɗauraye wadda ke nan. Kuka koma yaga leda da haƙori, ku tsotse rabi, ku yar da rabi. Gidaje suka daina zuba bokiti ɗaya bayan ɗaya. Ya Turai ta ci gaba ita kaɗai har gwiwoyinta suka ƙi, Mu'mina kuwa tana makaranta, sai hutu take zuwa. Daga nan wani ya ɗauke murfin. Wani ya leƙa, ya ga babu ruwa, ya jefa ledarsa ciki. Na bayansa ya ga an jefa, shi ma ya jefa. Abar da ta shayar da iyayenku kuka mayar kwandon shara. Idan aka ƙwanƙwasa ta a kwanakin nan, sai ta ce dum, kamar mai nishi.

Sai bikin gidan Alhaji Habib, maƙwabcinmu na kudu, wanda aka yi mako ana yi. An dafa shinkafar da za ta ciyar da Gwange da Limanti, aka raba ta a robobin ci-ka-yar, kowa ya yi loma uku ya ture. Da aka watse, robobin da ledojin da sauran shinkafar duk aka share su cikin kwata. Da Mu'mina ta je ta yi magana, Alhaji ya ce ta gaida Ya Turai, ruwan sama zai tafi da su, ai haka aka saba. Ba'ana mai shago, wanda ya sayar da ruwan ledar bikin, ya ce 'yar boko ta zo da wa'azin leda, aka yi dariya.

Ruwan saman ya zo ranar Talata da la'asar, bai tafi da komai ba. Kwata ta toshe, ruwa ya hau layi, ya kwashe yashin da marigayiyar ke zaune a kai. A nan ne ya kamata ku ji kunya. Randa cike da ruwa ba ta motsi, ƙarti biyu ba sa ɗaga ta. Da akwai bokitin gida uku kacal a cikinta, da tana nan. Amma cikinta leda ce, ba nauyi, sai ta tashi a kan ruwa tana juyi. Ya Turai na tsaye a bakin zaure, ruwa har ƙwauri, tana miƙa hannu, ƙafa ta ƙi. Ku kuna ƙarƙashin rumfar Ba'ana kuna ɗaukar hoto da waya. Randar ta bugi bakin kwalbati. Ta ce tas, ba ta ƙara ba.

Marigayiyar ta bar moɗa ɗaya, tana rataye a igiyarta har yanzu. Ta bar kaskon turare, da dogon yaro, da kajin da kan kwanta a sanyin gindinta. Ta bar Ya Turai, wadda tun ranar ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, sai dai Juma'ar da ta wuce an gan ta ta hura garwashi, ta fito da kasko, ta tsaya a wurin, ta koma ciki.

Mu'mina ba ta gaji haƙurin kakarta ba, kuma ba ta yafe ba. Ruwan da ya kashe randar ya cinye gindin bangon ɗakin da tsohuwar ke kwana. Kwatar na nan a toshe, damina ba ta ƙare ba, gabas na haɗa hadari kowace yamma. Ruwa na gaba ba randa zai tarar ba.

Ga tsarin jana'iza. An tsince tsingaron marigayiyar, za a kai wa Mama Edith ta daka ta cuɗa cikin yumɓun sabuwar randa. Ledojin da aka kwaso daga cikinta kuwa ba a zubar ba, an ɗure su a buhuna.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar bayan sallar asuba, a bakin kwata, a tsaye. Ba tabarma, ba shinkafa, ba ruwan leda. Gidan da bai turo mutum ba, Mu'mina da kanta za ta kai masa buhunsa har zaure, ta zazzage, ta faɗi sunan maigidan da ƙarfi. Buhun Alhaji Habib ya fi na kowa girma, na Ba'ana na bi masa.

Kada kowa ya zo ya ce wa Ya Turai ta yi haƙuri, ta yi ya ishe ta. Ku zo da shebur da manjagara, ku buɗe kwatar nan kafin hadari ya sauko. Ranar da sabuwar randa ta iso kuma, kowane gida ya fito da bokitinsa.