Farantin da na ƙi shukawa

Ko zan manta komai na shekarata ta ƙarshe a jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare bincikena ba. Lokacin ina zaune a unguwar Mairi kusa da jami'ar, ina ji da kaina ƙwarai.

Aikina shi ne in gwada ko ƙwayar cuta ta bakteriya mai jure magani za ta iya miƙa wa wani jinsin daban guntun DNA ɗinta, wato sinadarin gadonta, shi ma ya koyi juriyar. Na haɗa su, na ware jinsi na biyun, na shuka shi a faranti mai magani. Da safe sai ga shi ya tsiro cunkus. Na ce shi ke nan, gado ya ƙetara.

Baba Bitrus, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin tun kafin in shiga firamare, ya leƙa ya ce, "Ɗana, firjin da ake ajiye maganin nan ya kwana uku babu wuta. Ka shuka jinsi na biyun da ba ka haɗa ba shi kaɗai, mu gani ko maganin na da rai."

Na ce, "Baba, wannan sai wanda ya karanta." (Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage.)

Ya koma kan aikinsa, ni kuwa ban shuka ba.

Ran karewa har mahaifina na gayyato daga kasuwar shanu, ya zauna a baya cikin babbar rigarsa. Na gama zuba bayani, sai baƙon farfesan da ya zo jarraba mu ya tambaya a hankali, "Ina farantin jinsin da ba ka haɗa ba?"

Na yi shiru.

"To ta yaya ka san ba maganin ne ya lalace ba?"

Mahaifina ba ya jin Turanci, amma ya fahimci shirun nan sarai. Na ga ya sunkuyar da kai.

Da aka sake gwajin, maganin ne ya mutu. Komai aka shuka zai tsiro. Wata huɗu na ƙara, abokaina duk sun tafi bautar ƙasa. Baba Bitrus ne ya tsaya a kaina har na gama, bai taɓa tayar da maganar ba. Da na nemi gafararsa sai ya ce, "Ko ƙwayar cutar nan in DNA ɗinta ya samu kuskure tana gyarawa, balle mutum."

Yanzu ni ma ina koyarwa. In ɗalibi ya shigo mini da murnar ya gano abu, sai in ce ya fara nuna wa masu kula da ɗakin gwaji. Su ba sa kunyata mutum a gaban ubansa.