Ranar da Na Mayar da Alhaji Tunkiya

Wata ƙungiyar masu kiwo a Droum ta ba ni aikin shafin intanet na rajistar dabbobi. In aka cika fom, bayanan sukan iso wa kwantarola, wato ɓangaren da ke karɓa yana jerawa, kashi biyu: na mai dabba daban, na dabba daban. Na dubi tsarin nan na ce ɓata lokaci ne. Ni da na yi shekara uku a Yamai ina karatun ordinata, wato kwamfuta? Na zuba su duka a ƙwarya ɗaya, ban ko gwada ba.

Ranar nuni na shiga buro, ofishin ƙungiyar, da babbar riga. Na ce wa shugabansu, dattijo mai furfura, "Alhaji, da kai za mu fara, don albarka."

Ya faɗi bayanansa, ya faɗi na tunkiyarsa. Na danna da yatsa ɗaya, ina kallon jama'a.

Sakatarensu ya karanta allon da ƙarfi: "Alhaji Mamman. Mace. Shekara biyu. Fara mai baƙin kai. Tana da cikin wata uku."

Alhaji ya shafa tumbinsa a hankali ya ce, "Malam, wannan kam ko iyalina ba su sani ba."

Cikin minti goma na gyara. Amma yau shekara huɗu ke nan, duk Alhamis in na ratsa kasuwar dabbobi a Damagaram sai wani ya ƙwala mini kira: "Ungozoma! Alhaji ya sauka?"